Tana riƙe caji? Batir, zafi da lambobin da ke jikin kwali

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon waya a Farm Centre ko titin Beirut a Kano ya san tambayar da ke yanke ciniki. Mai shago zai yi ta lissafo kyamara mai megafiksel 50, da girman ma'adana, da kyan sikirin, mai saye yana gyaɗa kai, sai can ya ɗago ya ce, "To Alhaji, tana dai riƙe caji?" In amsar ba ta kwanta masa ba, ya ajiye ta ya nemi wata. Ni ina tare da wannan mai sayen ɗari bisa ɗari. A ƙasarmu batir shi ne ran waya, kuma shi ne ɓangaren da ya fi saurin lalacewa, shi ne kuma wanda aka fi yi mana rufa-rufa a kansa. Abin da ke damuna shi ne mun iya yin tambayar, amma da yawanmu ba mu da hanyar auna amsar da aka ba mu.

Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe sama da mako guda babu wutar lantarki, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. A Nijar kuwa, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take tura wa, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga nan yake zuwa, kuma ba a maido ba sai a 2024. Waɗannan manyan ne da suka shiga labarai. Na yau da kullum, a kawo awa biyu a ɗauke, wannan ba ya bukatar a tuna wa kowa. A irin wannan hali wayar da cajinta ya ƙare da la'asar ta tsayar da mai POS, ta hana ɗan acaɓa amsa kiran kwastoma, ta sa mai sayar da atamfa ta WhatsApp ta rasa cinikin dare.

Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka gane haka shi ne Transsion na birnin Shenzhen a China, wanda aka kafa a 2006, mai Tecno da itel da Infinix. Lokacin da ya shigo kasuwar Najeriya, mutane na yawo da waya biyu ko uku saboda kiran wani layi daban yana da tsada kuma sabis ba ya tabbata. Sai ya kawo waya mai layi biyu, da batir mai daɗewa, da tocila, daga baya da kyamarar da aka saita don ta fito da fuskar baƙar fata yadda ya kamata. Ya buɗe wuraren gyara na Carlcare, ya ƙirƙiro Oraimo don caja da fawa bank. Yau kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Akwai abin da za a soki wayoyinsa a kai, musamman tallace-tallacen da ke faɗowa a ƙananan samfura da ƙarancin shekarun sabunta manhaja, amma ba za a ƙwace masa cewa ya zauna ya dubi yadda muke rayuwa kafin ya ƙera ba. Shi ya sa batir mai 5000mAh ya zama abin da ake samu ko a wayar talaka.

To amma me wannan lamba take nufi? mAh ma'auni ne na yawan cajin da batir ke iya ɗauka, ba ya faɗin tsawon lokacin da waya za ta yi kafin ta mutu. Wayoyi biyu masu 5000mAh, ɗaya ta kai ka gobe da safe, ɗaya ta mutu kafin magariba, kuma babu wanda ya yi maka ƙarya a kwali. Bambancin yana cikin abin da ke shan cajin. Sikirin shi ne babban mai sha, kuma a ranarmu ta tsakiyar rana dole ka ƙure haskensa kafin ka ga rubutu. Sai injin wayar, wanda in tsohon ƙira ne yakan ci wuta fiye da sabo a kan aiki iri ɗaya. Sai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: raunin sabis. Idan waya tana nesa da ƙarfen sabis, ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi take yi don a ji ta, in kuma layi biyu ne a ciki kowanne yana nasa laluben. Shi ya sa mutum zai bar Kano da waya lafiya lau, ya je ƙauye ya kwana biyu, ya dawo yana cewa batir ɗinsa ya lalace. Batir ɗin yana nan ƙalau, wahalar neman sabis ce ta shanye shi.

Inda lissafin ya fi rikita mutane shi ne fawa bank. Mutum ya sayi mai 20,000mAh, wayarsa mai 5000mAh ce, sai ya ƙirga zai yi caji sau huɗu. Ya yi sau biyu da rabi, a na uku abu ya mutu, ya koma wurin mai shago yana cewa an sayar masa da jabu. Sau da yawa ba jabu ba ne. Waccan 20,000 an auna ta ne a kan ƙarfin ƙwayoyin batir ɗin da ke ciki, wato bolt 3.7 (3.7V). In ka ninka biyun ka raba da dubu za ka samu Wh 74, wato wat-awa 74, kuma wannan ita ce ainihin wutar da ke ajiye. Amma wutar ba ta fita a 3.7V, sai an ɗaga ta zuwa 5V ko sama da haka kafin ta bi igiya, in ta isa waya kuma a sake sauke ta don ta shiga batir. Kowane ɗagawa da saukewa yana da asara, kuma asarar ita ce ɗumin da kake ji a jikin fawa bank da bayan waya. Kamar ɗebo ruwa ne da bokiti mai yoyo daga rijiya zuwa randa: abin da ka ɗebo daban, abin da ya isa daban. Batir ɗin waya mai 5000mAh yana ɗaukar kimanin Wh 19, don haka bayan an cire asara, sau biyu da rabi zuwa uku shi ne gaskiyar abin da fawa bank mai kyau zai ba ka. Kamfanonin kirki suna rubuta wata lamba ta biyu da ƙananan haruffa a bayan na'urar, wadda ke nuna abin da zai fito a 5V, kuma ga mai 20,000 takan tsaya wajen 12,000 zuwa 13,000. Wannan ƙaramar lambar ya kamata mai saye ya nema. In ya juya bai ga Wh ba, bai ga lamba ta biyu ba, sai manyan lambobi a gaba kawai, to ya yi hattara.

Jabun ma akwai shi, kuma hannu yana gane shi kafin ido. Batir abu ne mai nauyi, babu dabarar da za ta sa wuta mai yawa ta zauna a ƙaramin wuri mara nauyi. Fawa bank mai 20,000 na gaskiya yakan kai giram 350 zuwa 450. Idan aka miƙo maka wani ɗan ƙarami da ke ɓuya a tafin hannu an rubuta 50,000 a jikinsa, ba sai ka gwada ba. Masu yin jabun sun san mutane na auna nauyi, shi ya sa aka sha fasa wasu a tarar da ƙwaya ɗaya ta gaskiya, sauran an cika su da yashi. Haka nan mai ɗan faifan sola a bayansa, wanda ake tallatawa da cewa rana za ta cika shi. Faifai mai wannan girman da ƙyar yake ba da wat ɗaya, ke nan zai bukaci sama da awa 70 na rana tsantsa kafin ya cika Wh 74, kuma a duk tsawon lokacin batir ɗin da ke ƙarƙashinsa yana gasuwa. Ga mai niyyar Hajji ko Umara kuwa, akwai ƙa'idar jirgin sama: fawa bank ba ya shiga jakar da za a auna a tura ciki, a hannu ake riƙe shi, kuma iyakar da aka yarda ba tare da neman izini ba ita ce Wh 100, wato kimanin 27,000mAh. Wanda ya haura Wh 160 ba ya hawa jirgin fasinja ko kaɗan.

Maganar gasuwa ta kawo mu ga abin da nake ganin shi ne babban mai kashe batir a yankinmu, wanda kuma ba a rubuta shi a kwali: zafi. Batir ɗin litiyam, wanda Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, haɗin sinadarai ne, kuma sinadaran suna tsufa ko da ba a taɓa su ba. Zafi yana hanzarta wannan tsufa. Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma zafin da ya wuce 35 yana iya rage ƙarfin batir ragewar da ba ta dawowa. Yanzu a duba Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi a watan Afrilu da Mayu, inda a inuwa ma ake wuce digiri 40. Wayarmu tun kafin a kunna ta ta riga ta tsallake iyakar da mai ƙerawa ya gindaya. Sai a ɗora mata riga mai kauri ta roba, a jona ta a caji mai sauri, ana kallon bidiyo a TikTok a lokaci guda, ko a ajiye ta a gaban mota rana na dukan gilashi. Kowanne a cikin waɗannan yana ƙara nasa zafin a kan na gari. Apple ya ce batir ɗin wayoyinsa na da zai riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1000, amma ya ƙara da cewa a yanayi mai kyau. Bazararmu ba ta cikin wannan yanayin.

Abu na biyu da ke tsufar da batir shi ne zama a cike maƙil ko a fanko na dogon lokaci, musamman cike cikin zafi. A nan akwai wata tsohuwar al'ada da ya kamata a bari. Har yanzu wasu masu shago na cewa, "Malam, in ka je gida ka bar ta ta mutu gaba ɗaya, sannan ka yi mata cajin awa takwas." Wannan shawara ta zamanin batir ɗin nikel ce, ta yi daidai a lokacinta, amma litiyam ba ya bukatarta, hasali ma barinsa ya mutu murus a kai a kai yana cutar da shi. Ya fi jin daɗin zama tsakanin kashi 20 zuwa 80, shi ya sa Samsung da Apple da wasu suka sa wurin da za ka danna caji ya tsaya kafin ya cika. Sai dai ba zan ɓoye ba, wannan shawara ta mai wuta ce. Wanda bai san yaushe za a sake kawowa ba, ba za ka ce masa ya zare a 80 ba, kuma yana da gaskiya in ya ƙi. Abin da ke hannunsa shi ne zafin: ya cire rigar waya lokacin caji, ya ajiye ta a kan siminti ko tayil a inuwa maimakon ƙarƙashin filo, ya ƙyale ta ta huta har ta cika.

Wanda ya fi kowa shan wahalar wannan lamari shi ne mai kai caji shago. Ka leƙa rumfar mai caji da yamma: allon katako an jera soket sun kai hamsin, igiyoyi sun sarƙe, kowace waya an manna mata takarda da lamba, an ba mai ita kati mai irin lambar. Ƙaramin janareta yana ruri a gefe, rufin kwano ya ɗauki rana tun safe, wayoyi an jibge su wata kan wata kowacce na fitar da ɗuminta. Ban ga laifin mai rumfar ba, yana toshe ramin da ba shi ya haƙa ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 shi ma kuɗin fetur ke cinye ribarsa. Amma a yi lissafi. Ko a farashin rukunin A, wato na masu biyan lantarki mafi tsada, wanda aka ɗaga zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wutar da ke cika waya ɗaya ba ta wuce ta naira biyar ko shida ba. Mai kai caji yana biyan naira ɗari ko fiye, ya bar wayarsa awanni ba ya amsa kira, sannan batir ɗinsa ya riga na mai wuta a gida mutuwa. Ya biya sau uku ke nan a kan abu ɗaya. Wannan ne ya sa nake ganin ga iyalin da ke da waya uku ko huɗu, ƙaramin faifan sola na gaske da ake ɗorawa a kan rufi, batir ɗinsa yana cikin ɗaki a inuwa, ya fi sauya waya muhimmanci.

Game da caja, a taƙaice: mai kyau an rubuta 100 zuwa 240V a jikinta, tana jure hawa da saukar wuta daidai gwargwado, kuma tana da shinge tsakanin wutar bango da wadda ke shiga waya. Ta ɗari biyar ɗin nan mara nauyi, wannan shingen aka rage don a sauke farashi. Alamarta ita ce sikirin ya riƙa danna kansa lokacin caji, ko ka ji ɗan ja a yatsa in ka taɓa ƙarfen waya. Wannan ba ta cancanci kwana a ɗakin da yara ke barci ba.

Da can duk wannan bai kai ya zama tashin hankali ba, domin batir abu ne da ake cirewa. Mai Nokia 1100 in batir ɗinsa ya gaji, ya zare murfi da farce, ya sayi BL-5C sabo, shi ke nan waya ta dawo. Wasu ma biyu suke riƙewa, ɗaya a waya ɗaya a wurin caji. Yanzu an liƙe komai da gam. Ka tsaya a teburin mai gyara ka ga yadda ake yi: ya hura wa bayan wayar iska mai zafi har gam ya saki, ya zura siririn roba yana bi a hankali don kada gilashi ya tsage ko ya yanke igiyar na'urar karanta zanen yatsa, ya ɗaga batir ɗin da shi ma an manne shi, wanda in ƙarfe ya huda shi yana iya kamawa da wuta nan take. Aiki ne na gwani, kuma yaranmu na Farm Centre sun iya shi. Matsalar ita ce batir ɗin da za a saka. Mai waya ba shi da hanyar sanin ko na asali ne, ko kwaikwayo ne da aka buga wa tambari, ko tsoho ne da aka ciro daga wata wayar. Kamfanoni suna cewa liƙewar ce ke sa waya ta yi siriri ta kuma hana ruwa shiga, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ba za a rasa lura ba cewa wayar da batir ɗinta ke wahalar canzawa, ana saurin yar da ita a sayi sabuwa. A 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone masu gajiyayyen batir, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato ne, amma bai sanar da masu wayoyin ba tun farko. Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020 a kan rashin sanarwar.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mu ne masaukin ƙarshe na waɗannan wayoyi. Waɗanda ake kira London used, wani ya mora su shekara biyu ko uku a ƙasa mai sanyi, suka iso nan batir ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Masu saye sun waye, suna shiga su duba lafiyar batir, in sun ga 90 ko sama su biya. Sai wasu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah suka samo na'urar da ke sake rubuta wannan lamba, tsohon batir ya nuna 100. Bayan 'yan makonni lamba ta fara zubewa, ko waya ta mutu tana nuna saura kashi 30. Shawarata ga mai sayen irin wannan waya ita ce ya ɗauka tun farko cewa zai canza batir, ya sa kuɗin a cikin lissafin ciniki, ya kuma nemi sharaɗin dawowa na 'yan kwanaki a rubuce a rasit. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba.

Akwai sauyi da ke tafe daga waje. Tarayyar Turai ta wajabta bakin caja iri ɗaya, USB-C, daga ƙarshen Disambar 2024, abin da ya sa har iPhone ya bar nasa. Daga Yunin 2025 kuma wayar da za a sayar a can dole batir ɗinta ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80, a kuma ci gaba da samar da kayan gyaranta shekara bakwai bayan an daina sayar da ita. Wani sashe na dokarsu ta batura zai fara aiki a Fabrairun 2027, wanda ke neman a sauƙaƙa cire batir da canza shi a na'urorin hannu. A gefe guda kamfanonin China sun fara sa batir mai haɗin silikon da kabon, wanda ke ba da 6000 ko 7000mAh ba tare da waya ta ƙara kauri ba. Duk wannan alheri ne, amma dokar Turai ta wayar da za a sayar a Turai ce. Babu abin da ya tilasta wa kamfani ya bi ta a samfurin da ya ƙera don Legas da Kano da Yamai. Hukumomin kula da ingancin kaya da na sadarwa a ƙasashenmu suna da ikon gindaya nasu sharaɗin, kuma kasuwar da ta kai girman ta Najeriya in ta ce sai an rubuta ainihin Wh a jikin kowane fawa bank, sai an kawo batir na asali a sayar a fili tare da kowace waya, za a bi.

Saura batir ɗin da ya mutu. In ka ga bayan waya ya ɗago, ko sikirin ya fara rabuwa da jiki, batir ne ya kumbura, iskar gas ce ta taru a ciki. Kada a danna shi, kada a huda shi da allura wai don iska ta fita, kada a sake jona shi a caji. Galaxy Note 7 da Samsung ya janye daga kasuwa a 2016 ya nuna wa duniya irin wutar da ɗan wannan abu ke tayarwa, kuma wuta ce mai wuyar kashewa. A garuruwanmu yawancin irin waɗannan batura a bola suke ƙarewa, inda yara ke tsince su suna fasawa da dutse, ko a cinna wa shara wuta suna ciki. Kafin a samu wurin karɓa na hukuma, mafi ƙarancin abin da mutum zai yi shi ne ya naɗe bakin batir ɗin da salatif, ya sa shi a gwangwani mai yashi nesa da ɗakin kwana da kicin, ya kai wa mai gyaran da ya san yana tara su daban.